Jego a Cikin Mota

Yarinyar ce ta fara sakin nono. Ba ƙoshi ta yi ba. Na san yadda take yi in ta ƙoshi, ture ni take da ɗan hannunta ta kau da kai. Wannan karon bakinta ne kawai ya saki, kanta ya langaɓe a damtsena, nono yana ɗiga a kumatunta ba ta ko motsa ba. Na ce bari in gyara mata kwanciya, sai na ji hannuna ya yi nauyi kamar na wani aka ɗaura mini. Kaina kuwa tun da na farka yake sarawa, a nan goshi, kamar an zarga masa igiyar guga ana ja.

"Gwaggo," na ce. "Gwaggo, dubi yarinyar nan."

Gwaggo ƙanwar mahaifina ce, daga Rigachikun ta zo don ta yi mini wankan jego. Tana zaune a ƙasa ta jingina da akwatin kwanuka, carbinta ya zube a cinyarta. Ba ta amsa ba. Matar da ko ɓera ya gifta sai ta farka ta tsine masa.

Tsakaninmu kasko ne cike da garwashi, ja wur, babu hayaƙi ko kaɗan. A waje ana marka, ruwa yana ta buga rufin ƙarfe. Ba a kira azahar ba tukuna.

Sai na tsaya na faɗi inda muke, don wanda bai sani ba zai ɗauka ɗaki ne irin na kowa. A mota muke zaune. Maigidana, Malam, ma'aikacin awon ƙasa ne. Da rani yana daji, da damina yana ofis a Kaduna yana zana abin da ya auno. Gidan gwamnati an ce ya jira sai an sami gurbi, to ana cikin jiran ne wani Bature da zai koma ƙasarsu ya sa motarsa a gwanjo. Tsohuwar babbar mota ce da aka gina wa ɗaki a baya, katako a ciki, ƙarfe a waje. Akwai gado mai naɗewa, da tebur da ake jinginawa a bango, da tankin ruwa, da tagogin gilashi masu roba a baki. Da rani in bi shi a cikinta duk inda aiki ya kai shi. Da damina mu kafa ta a gefen Unguwar Rimi, a filin wani dattijo da ya ba mu aro.

Dangi sun sha dariya. Wai an gama yi wa yarinya karatu har sakandare an kai ta aure cikin akwati. Wai ina za a yi jere? Har yau wasu ba su daina ba, kuma tun da abin nan ya faru bakinsu ya ƙara buɗewa. Saboda su nake rubuta wannan.

Wanda bai zauna a mota ba yana ganin ko hutu ne ko tsiya. Aiki ne. Gidan ƙasa in an yi masa yaɓe sau ɗaya a shekara ya ƙyale mutum, ita kuwa mota kullum da abin da take nema. Ranar da aka sauka a sabon wuri, kafin komai sai in cika kwano da ruwa in ajiye a tsakar ɗaki. Malam yana waje yana cusa katako a ƙarƙashin tayoyi, ni ina leƙowa ta taga ina cewa gabas ta yi ƙasa, ƙara. Sai ruwa ya daidaita da bakin kwano ta ko'ina sannan an sauka. In ba haka ba ƙofa ba za ta rufu daidai ba, kuma mutum ya kwana yana gangarawa kan ɗan'uwansa.

Taya ba ta son laka, ba ta son rana. A kan katako take zama, a lulluɓe ta da buhu. Kewayen katakon ina zuba toka da baƙin man inji, don gara in ta sami hanya ta hau, bangon ciki za ta cinye ta bar fenti a tsaye. Rufi kuwa kafin ruwan farko sai an bi duk mahaɗarsa da kwalta. Bana ni na hau da kaina, cikina bai tsufa ba lokacin, matan gidan dattijo suna ta salati ta kan katanga. Girki a waje ake yi, a ƙarƙashin rumfar tamfol da muke ɗaurawa a jikin motar, ko da risho ne ba ya shiga ciki. Mutane da dama sun ce wa Malam tunda damina zama za a yi, ya cire tayoyin ya ɗora ta a kan bulo. Na ce a'a. In an cire mata ƙafa me ya rage? Akwatin da suke faɗa ke nan. Don haka kowace Juma'a in ya dawo daga masallaci sai ya tayar da inji ya bar shi ya yi zafi, ni kuma in duba batir in ƙara masa ruwan sama da na tara a tangaran mai tsabta. Ba a sa masa ruwan rijiya.

Sai kafofin iska. Akwai su a ƙasa kusa da ƙofa, akwai a sama daf da rufi, kowace da 'yar raga. Zanzaro ba abin da yake so irin ya yi gini a cikinsu. Da tsinken tsintsiya nake bi ina farfasa masa, ya sake, in sake. Wannan shi ne aikin da ya fi kowanne ƙanƙanta a motar, kuma wallahi da za a ce in bar duk sauran in riƙe ɗaya, shi zan riƙe.

A asibiti na haihu. Mahaifiyata ta rasu tun ina makaranta, don haka Gwaggo ta aiko cewa in taho Rigachikun in yi wanka a wurinta. Na ce ina gidana. Sai ga ta da ƙatuwar tukunya da damin ganyen runhu. Ta tsaya a gindin matakala ta ƙare wa motar kallo.

"Yanzu nan ne gidan? Ni dai na ga tasha. Ina yaron motar, in ba shi kayana?"

"Gwaggo, hawo mana."

"In hawo. Gidan mutane shiga ake yi, na 'yar boko hawa ake yi."

Kada wani ya ce ban ji maganarta ba. Ruwan zafi safe da yamma, a bayan zanar da muka kewaye, na tsuguna ta fyaɗa mini ganye har fatata ta yi ja, ban ce uffan ba. Kunun kanwa na sha har na daina jin ɗanɗanonsa. Mace ce mai hannu, kuma tana ƙaunata. A kan wuta kaɗai muka saɓa. A gida mai jego a gadon ƙasa take kwana, ana hura wuta a ƙarƙashinsa. Nan kuwa gadon katako ne, daɓen ma a sama yake, iska tana wucewa ta ƙasa. Wannan abu ya hana Gwaggo sukuni.

"Sanyi ta ƙasa yake shiga mace. Ki kumbura ki mutu, a ce ina nan ina kallo? Me zan gaya wa ubanki?"

Ta ce a shigo da kasko. Malam, da yake surukarsa ce, ya sunkuyar da kai ya yi ta kewaye-kewaye, daga ƙarshe dai ya ce a yi haƙuri a bar shi a bakin ƙofa. Aka bar shi a bakin ƙofa. Sai marka ta sauka, ruwa ba ya tsayawa, komai ya yi danshi har zanen gado.

Ranar da nake faɗa, Malam ya hau kekensa ya tafi ofis. Aka yi wankan safe, na dawo jikina ya mutu, Gwaggo ta naɗe ni da bargo barci ya ɗauke ni. Da na buɗe ido kasko yana tsakar ɗaki, tagogi a rufe, ƙofa da sakata, kowace kafar iska an cusa mata tsumma.

"Gwaggo, kasko."

"Ina hayaƙin? Nuna mini shi. A waje na bar shi ya cinye hayaƙinsa tas kafin in shigo da shi. Mata nawa na gasa da hannun nan? Har uwarki, ranar da ta haife ki. Ba wa yarinya nono ki rufe mini baki."

Ba ƙarya ta yi ba. Babu hayaƙi, kuma ta gasa mata da yawa ba wadda ta ko yi tari. Sai dai ɗakunan da ta saba jinka ce a kansu, iska tana shiga tana fita ta cikin ciyawa, ta ƙarƙashin asabari, ta ko'ina. Namu an yi shi ne don kada ruwa ya shiga. Inda ruwa ba ya shiga, iska ma sai ta inda aka bar mata.

To ga ni zaune, yarinya ta saki nono, Gwaggo ba ta amsawa. Abin da ya fi ba ni tsoro yanzu in na tuna shi ne a lokacin ban ji tsoro sosai ba. Barci nake ji, mai daɗi, wani abu yana ce mini ki ɗan kishingiɗa, in kin tashi kya duba ta. Idona ya faɗa kan tsumman da ke kafar sama, wani tsohon ɗankwalina ne. Sai na tuna wata malamarmu da ta taɓa kifa kofin gilashi a kan kyandir, muna kallo wutar ta yi ƙasa, ta yi ƙasa, ta mutu. Na dubi bakin yarinyar. Mu ne a cikin kofin.

Na yunƙura ƙafafuna suka ƙi. Na zame daga gado na faɗo a gwiwa, na ƙanƙame ta da hannu ɗaya, na ja jiki da ɗayan. Ɗakin nan taku kaɗan ne daga gado zuwa ƙofa, amma na ga nisansa. Na zare sakata da ƙyar. Ƙofa ta ƙi, danshi ya kumbura katakon. Na tura da kafaɗa, ba ƙarfi. Sai na kwanta rigingine da yarinyar a ƙirjina, na haɗa ƙafafu biyu na doka. Na ji wani abu ya yage a jikina ta ƙasa, inda bai gama warkewa ba. Na sake dokawa. Ta buɗe, muka gangara matakala muka faɗa cikin laka.

Ruwa yana zuba a fuskarta ba ta yi kuka ba. Na murza bayanta, na hura mata iska a hanci, na kira sunan Allah da duk wanda ya zo bakina. Can sai ta ɗan ja numfashi, ta yi wani siririn kuka kamar na ɗan kyanwa. Na kwantar da ita a kwandon wanki a ƙarƙashin rumfa, na cika ƙirjina da iska na koma. Ta ƙafa na jawo Gwaggo. Tana da jiki, kanta ya bugi matakala, har yau tabon yana nan kuma har yau tana nuna wa mutane. Na sake hawa na shuro kaskon waje. Ya kife a cikin ruwa yana huci. Sannan na fasa ihu.

Inna, matar dattijon da ya ba mu fili, ita ta fara fitowa, mata na biye da ita, kowa da faifai ko kwarya a ka.

"Innalillahi! Mai jego a cikin ruwa! Ku kama ta ku mayar da ita ciki!"

Suka yo kaina. Na ɗauki yarinyar na zauna a ƙasa na saƙala hannu a ƙarfen matakala.

"Ba inda za ni."

"Ke, kin haukace ne? Ko arba'in ba ki yi ba! To kawo jaririyar."

"Ba zan bayar ba."

"Oh ni! 'Yar fari ce fa. Kike rungume ta kina kururuwa a gaban mutane, ba kya jin kunya?"

"Ba na ji, Inna. Ku juya Gwaggo ta gefe, ku bar ta a iska."

Wata ta ce dama an faɗa, motar nan ba ta rasa mutanen ɓoye, wa ya san dajin da Baturen ya kwana da ita. Dubi idon mai jegon nan, ai ba ita ke magana ba. Nan da nan shawara ta tsaya: a kai mu ɗakin Inna, a rufe, a hura wuta mu ji ɗumi, a yi mana turare. Kafin in ankara wata ta dawo a guje da garwashi a kan murfin tukunya tana kare shi da mayafi, ta barbaɗa masa wani gari, ta nufo fuskar yarinyar da shi.

Butar alwalar Malam ce kusa da ni. Na ɗauka na juye mata a kai, ita da garwashin.

Matar nan a haife ta haife ni, kuma taimako ta kawo. Na je daga baya na gaishe ta, na kai mata sabulu. Amma ban ce na yi kuskure ba, kuma ba zan ce ba.

Ana haka Malam ya iso, an tashi daga ofis, ya jiƙe sharkaf a kan keke. Ya ga matarsa zaune a laka ba ɗankwali, ga jini a zane, ga surukarsa kwance tana amai.

"Subhanallahi. Ke, lafiya? Tashi ki shiga ciki mana."

"Ɗauko ƙarfen tayar da inji."

Ban taɓa ba shi umarni a gaban mutane ba. Ya buɗe baki zai yi magana, sai ya ga kaskon a kife. Ya hau matakala ya leƙa, na ji yana fizge tsummokaran nan yana bankaɗe tagogi. Da ya sauko bai dubi kowa ba. Ya janye buhunan tayoyi, ya ture duwatsun da muka tokare su da su, ya zura ƙarfe ya murɗa. Motar ba ta yi masa gardama ba.

Ba wanda ya tuna da kwance rumfa. Da muka ja sai tamfol ya yage, sandunan suka zube, tukunyar wankan Gwaggo ta gangara cikin kwata. Ni da yarinyar muna gaba, gilashi a sauke, ruwa yana feso mu. Gwaggo tana baya, an ɗaure ƙofa a buɗe da igiya, Inna tana riƙe da kanta, don duk faɗan da muka yi ita ta fara hawa. Mutanen Unguwar Rimi sun ga gida yana gudu a kan titi da shanyar tsummokaran jariri a jikinsa.

A asibiti sai da wata nas ta ɓamɓare yatsuna ɗaya bayan ɗaya kafin ta karɓi yarinyar. Suka shige da ita wani ɗaki, na hango ana jawo doguwar kwalbar iska. Ni aka sake yi mini ɗinki aka kwantar da ni a gadon bakin taga, Gwaggo a gadon kusa da ni da bandeji a ka. Na tambaya, aka ce tana numfashi, amma likita ba zai ce komai ba sai ya ga yadda ta kwana. Iskar gawayi, in ji su, wani lokaci takan bar jariri da rai ta taɓa masa kai.

Da la'asar yayan Malam ya zo dubiya. Ya tsaya daga ƙafar gado ya yi mana sannu, sannan ya juya ga ƙanensa, kamar ba na wurin.

"Ka ga abin da nake gaya maka. Gobe ka kai ta gwanjo. Mutum da iyali ba ya zama a mota. Ga ɗaki a gidana a Rigasa."

"Yaya," na ce, "me motar ta yi?"

"Ita da ta kusa kashe ku?"

"Ita ta hura gawayi? Ita ta toshe hancinta da tsumma? Ita ta kawo mu nan, Yaya. Da a ɗakin Rigasa ne da yanzu ana neman wanda zai ara mana keke."

Ya dubi Malam yana jira ya tsawata mini. Malam ya dubi takalminsa. Gwaggo daga gadonta, ido a rufe, ta ce, "Bar ta, ɗan nan. Tun tana ƙarama haka bakinta yake. Ruwan saman da ta sha ne ya hau mata kai."

Na yi ƙarfin hali a gabansu. Da suka fita haƙorana suka kama haɗuwa, na cusa bargo a baki don kada Gwaggo ta ji. Har yanzu hakan yana zuwa mini. In na wuce mai gasa masara na ga garwashi ya yi ja ba hayaƙi, sai in kau da kai in ƙara sauri. Nakan kai tafin hannu kan kafar iska sau ba adadi a yini in ji ko tana busowa. Duk wannan gaskiya ne, ban ɓoye ba. Amma masu cewa tsoron nan ya isa ya fitar da ni daga gidana, su sake shawara.

Ban runtsa ba har gari ya waye. Da hantsi ruwa ya ɗauke, rana ta ɗan leƙo. Na ji takun takalma a baranda, sai ga likita, nas ɗin jiya tana bayansa da yarinyar a hannu. Tun daga nesa nake jin kukanta, kuka sosai, na masifa, fuskarta ta yi ja tana harba ƙafa. Likitan ya haska mini ido, ya sa abin sauraro a ƙirjina, ya sa na matse yatsunsa. Ya yi magana da Turanci. Na ji abin da ya ce sarai, amma na juya ga nas ɗin.

"Faɗa mini da Hausa."

"Ya ce kun tsira, ke da ita. Idonta yana bin haske, tana jin ƙara, ba abin da ya taɓa ta. Ita ma Baba gobe sai gida."

"Sake faɗa."

"Kun tsira, 'yar'uwa. Ungo 'yarki, ta cika mana kunne."

Na karɓe ta. Nas ɗin ta tallafa mini ta ƙasa. Gwaggo ta yunƙura ta zauna, ta ce alhamdulillahi ta shafa, ta share ido da gefen zane. Ta daɗe tana kallonmu. Sannan ta nuna da haɓa.

"To 'yar nan, tunda an warke, ja mana tagar can. Mai jego ce."

Nas ɗin ta kai hannu, ta dube ni.

"Bar ta a buɗe," na ce.